Sandar Tuƙin da Na Mayar Gefe

Ko da zan manta komai na karatuna, rigimar sandar tuƙin nan ba za ta fita daga raina ba.

A shekararmu ta ƙarshe a makarantar fasaha a Katsina aka haɗa ni da maza biyu, mu ƙera mazaunin matuƙin jirgin sama marar inji, irin wanda ake ja sama a saki iska ta riƙe shi. Namu ba tashi zai yi ba, amma in aka motsa sanda dole fiffike da jela su amsa. Kuma kowa sai ya shiga ya tuƙa a gaban malamai. Wanda bai shiga ba zai maimaita shekara.

Abokan aikina suka kafa sandar a tsakiya, tsakanin gwiwoyi, yadda take a littafi. Da na zo gwadawa na ga ba hali, sai na tattare zanena har gwiwa a gaban maza.

"Ki ari wando mana," in ji babbansu, yana dariya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ba abin da zan ara. Sandar ce za ta matsa gefe."

Suna da hujja, ban ƙi ba. Ta tsakiya doguwa ce, ba ta son ƙarfi, kuma kowane hannu na iya kama ta. Ta gefe gajera ce, ta fi tauri, hannun dama kaɗai ke isa gare ta. Amma tana barin gaban mutum a sake, ga wurin ɗora gwiwar hannu. Suka ce in yi tawa ni kaɗai, tasu tana nan.

Ni kuwa da taurin kai aka san ni tun a gida. Na sayo wayar birkin keke a Babbar Kasuwa, na kai wa wani mai walda a Ƙofar 'Yandaka zanen ƙarfen da zai rage wa sandar tauri. Wayar ta tsinke, na sake. Ta maƙale, na kwance. Tafin hannuna har ya yi kanta.

Ranar jarrabawa baƙon malamin da zai ba da maki ya zo cikin babbar riga mai sitaci, ya ce shi zai fara shiga. Yana jan ta tsakiya sai rigar ta naɗe ta, jelar jirgin ta tsaya cak. Ya yi ta fama, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Sai ya kama tawa, fiffike ya amsa nan take.

"Wa ya yi wagga ta gefe?"

"Ni ce, Malam."

"To shigo, ɗiyata, ki nuna mamu."

Na shiga da zanena har idon sawu, na tuƙa, na ci.

Tun ranar na gane cewa in abu bai karɓe ni yadda nake ba, ba lallai ni ce ke da gyara ba. Wani lokaci wanda ya ƙera shi ne bai taɓa tunanin irina za ta zauna a ciki ba.