Ɗigon Jan Farce a Kan Feda

Yayana mai kaɗa jita ne, kuma tun muna yara bai taɓa dukan mutum da hannu ba. Da ƙafa yake yi. Yakan ce yatsunsa ne abincinsa, ba zai ɓata su a kan haƙoran wani sakarai ba. In faɗa ya tashi sai ya cusa hannu a aljihu ya hau shuri, shi ya sa ake ce masa Alfadari. Ni ma ƙaurina ya san takalminsa.

Abin da ya fi so a duniya, har fiye da ni, shi ne fedarsa ta tiremolo. Ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi sandar sabulu ba, waya ta shiga nan ta fita can. In ya taka ta, sautin jitar ya riƙa ɗagawa yana sauka, kamar ana buɗe ƙofa ana rufewa. Maɓallanta uku ne na murɗawa: na sauri, na zurfin kaɗawar, da wanda ke sa ta yi laushi ko ta riƙa datsewa. Wata 'yar jar wuta tana ƙiftawa daidai da saurin. Da jan farcena ya ɗiga alama inda kowane maɓalli zai tsaya. Mai taɓawa kuwa ya shirya ɗingishi.

Ni ke waƙa a ƙungiyarmu ta kiɗa, mijina ke ganga. Ya daɗe yana ƙorafin fedar ta fi waƙar gudu, shi ke binta kamar bawa. Rannan da rana muna gwaji a gareji, Yaya ya fita shan ruwa, mijina ya sunkuya ya rage saurin kaɗan.

"Bari!" na ce. "Ka san halinsa."

"Ko kurma ya san ta yi gudu. Ba zai ma ji ba."

Da Yaya ya dawo, taka ɗaya ya yi ya ji. Ya dubi wutar, ya dube mu.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ne, Yaya. Na gaji da akwati yana ba ni umarni."

Shurin farko ya huda babbar ganga. Na biyu ya sami mijina a baki, jini ya wanke masa riga. Ina ihu ina jan Yaya, ya watsar da ni kan lasifika. Ya ɗaga ƙafa zai ƙara, ashe wayar fedar ta naɗe masa idon sawu, in ya fizga, fedar za ta daki bango. Wallahi na ga lokacin da ya dube ta ya fasa shurin. Sai ya dunƙule hannun hagu, mai danna tsirkiya, ya kai naushi. Mijina ya kare fuska da faifan tagulla na ganga, bakin faifan ya shige tsakanin yatsun Yaya har ƙashi.

Likita ya ɗinke, amma yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasawa ba. Har yau ina jin haushinsu su biyu, kuma ina tausayin Yaya fiye da yadda ya cancanta.

Yanzu wani ne ke kaɗa mana jita. Yaya yana zuwa gwaji ya zauna a gefe, hannun a aljihu, fedar a gabansa, ko ƙwarzane babu. Yakan taka ta ba a haɗa ta da jita ba, wutar ta kama ƙiftawa, maɓallan suna kan ɗigon jan farce. Mijina, da giɓinsa, ita yake kallo yana kiɗa, bai ƙara cewa ta yi gudu ba.