Allon Barka da Dawowa

Maigidana gyaran wayoyi yake yi a Gusau, kuma yana haɗa wa masallatai allunan nan masu rubutun haske da ke tafiya. Da aka ce za a sallamo Inna, mahaifiyarsa, daga asibiti bayan ciwon zuciya, sai ya ɗauko wani allo da ya haɗa wa wani masallacin Tsafe, ya rubuta mata gaisuwa a ciki, muka tafi da shi gidanta a Bungudu. Ya rataye shi a zaure.

Likita ya gargaɗe mu kada komai ya firgita ta.

Inna ba ta karatun boko. Da aka sauko da ita daga mota, maƙwabciyarta ce ta riƙa karanta mata da ƙarfi, tana bin haruffan: "Barka da dawowa Inna lafiya..." Rubutun bai tsaya ba, ita ma ba ta tsaya ba: "...an yi rasuwa, jana'iza bayan Azahar, Allah ya jiƙan..."

Maƙwabciyar ta kama bakinta. Ni kwanon kunun da ke hannuna ban san lokacin da na aje shi a ƙasa ba.

Daga baya maigidana ya yi mini bayani. Na'urar ba ta gane ƙarshen magana sai ta ci karo da sifili, alamar tsayawa. A cikin na'urar kowane saƙo da gurbinsa, kuma gurbin gaisuwarsa da na wata tsohuwar sanarwar rasuwa ta masallacin jere suke. Gaisuwarsa ta cika gurbin tam, sifilin bai samu wuri ba, sai na'urar ta zarce. Kamar ɗinkin da ba a ƙulle bakin zarensa ba, na ce a raina.

Amma a zauren, babu wanda ya san wannan. Inna ta daɗe tana kallon allon, hannunta a ƙirji. Maigidana ya durƙusa.

"Kai," ta ce, "har da lokaci ka sa mini?"

"Inna, wallahi kuskure ne."

"To amin dai. Kashe shi."

Na raka ta ɗaki ina lura da numfashinta. Ta sha kunun, kaɗan. Da aka kira Azahar ta riƙe hannuna gam, ba ta sake ni ba sai da liman ya sallame.