Na'ibi da Famfon Gwaggo

Duk wanda ya sha sobiyar gidan Hamad a Jidda cikin shekarun sittin, ya ci gumin Na'ibi bai sani ba. Sobiya dai sha'ir ce ake jiƙawa a tace a zuba sukari, kuma ba ta tashi daga ganga ta hau tanki sai da famfo. Famfunan gidan uku ne, duk tsofaffi, an kwanto su daga matattun jirage a bakin teku.

Na'ibi Bahaushen Sudan ne. Ya zo aikin hajji da matarsa Dela, ta rasu a Mina, shi kuma ya kasa komawa gida ya faɗa da bakinsa. Ya kama ɗaki a unguwar Sa'alaba, ya zauna shekara ashirin da biyu ba ya shiga sabgar kowa.

Yana da nasa salon gyara. Idan famfo ya daina ja, ba ya neman roba a kanti. Fatar layya yake jemewa da kansa, ya yanka daidai bakin famfon, ya jiƙa ta cikin kitse kwana uku. Ciwon famfo kuwa da kunne yake gano shi: ya kara sanda a jikin ƙarfen, ya saurara. Kuma yana yi musu magana, abin da ya sa ma'aikata ke ƙyafta wa juna ido. Mafi tsufansu yake kira Gwaggo, saboda tarinta da mitarta.

"Yau kuma me aka yi miki?" zai ce. Ita kuwa ta yi ta tari, shi yana gyaɗa kai.

Ni dai da na ji labarin ban ga abin dariya ba. Ma'aikatan nan jikokin Hausawa ne haihuwar Jidda, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. Gwaggo kaɗai yake yi wa Hausa tun safe har la'asar ba ta gaji ba.

Da kasuwa ta buɗe, Hamad ya sayo sabon famfon lantarki. Ya sami Na'ibi a gindin tanki, ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, halas, ka huta. Aikinka yana nan, iƙamarka ta izinin zama tana nan. Maɓalli kawai za ka riƙa dannawa."

Hamad ya cika alkawari. Sabon famfon ba ya tari, ba ya son fata. Na'ibi ya kara masa sanda sau ɗaya, bai ji komai ba sai zuu. Ya yi mako guda bai furta kalmar Hausa ba, kewa ta kama shi sosai.

Ranar da mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da amalanke, Na'ibi ya tare ƙofa, ya nuna wa Hamad Gwaggo, ya ce, "Ɗana, ka bar mini wannan ɗaya."

"Me za ka yi da ita, ya ammi? Ko rijiya ba ka da ita."

Hamad ya dube shi, ya sa aka kai masa ita har gida.

Maƙwabciyarsa Zaituna ce ta fara leƙawa, don ta ji tari da hira a ɗakin da ba a taɓa yin baƙo ba. Ta tarar ya ɗaura Gwaggo a kan ganga, bututun ya lanƙwaso ya koma cikin gangar. Yana buga ruwan yana komawa inda ya fito, yana ba ta labarin yadda Dela take dama kunu.