Fumfuna a Ɗakin Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma kallon idona in tana magana. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani. Amma sanin bai hana ni ƙyashin autanmu ba, wanda har ya yi gemu tana jan kunnensa tana dariya.

Da mahaifinmu ya rasu sai na riga autan. Na ɗauko ta daga Dogarawa na kawo ta gidana a Birnin Konni, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Ɗakin ƙasa na ware mata, amma na ce uwata ta gama zaman ƙauye. Na sa aka shafe shi da siminti ciki da waje, aka yi fenti shuɗi, aka toshe 'yar tagar baya saboda sauro. Maginin ya ce, "Malam, ginin ƙasa fa yana son shan iska." Na ce masa aiki na kira shi, ba wa'azi ba.

A damina ta biyu tari ya kama ta. Ni ban ma sani ba, don da ta ji ƙarar babur ɗina sai ta danne shi. Maiɗakina ce ta tsegunta mini, ta ce in ja gadon Inna in gani. Na ja. Innalillahi! Bangon ya yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har gwiwa, fumfuna ta yi gashi, wari kamar tuwon da ya kwana uku a rufe. Ashe ruwa ya shiga bayan simintin ya rasa hanyar fita.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Ina cikin aji, yara na rubutu, ni ina latsa waya ina karanta abin da fumfuna ke yi wa huhun tsoho. Duk abin da na karanta sai in gan shi a jikin Inna. Na wanke bangon da omo da ruwan zafi, bayan kwana huɗu ta dawo. Na koma shinshina komai, dardumarta, matashinta, har zannuwan da ke cikin akwatinta. Na kai ta likita, lokotoro ya saurari ƙirjinta ya ce a raba ta da danshi.

Ban san wa ya kai wa autan labari ba. Washegari sai ga shi da takalminsa duk laka.

"Yaya, bari ta zo ta sha iska kwana bakwai."

Ta sha iska! Wai a ɗakinsa na ƙasa tsura, da kaji ke shiga su fita. Amma me zan ce? Na raka su tasha, ta shiga mota tana yi masa faɗan bai aske kai ba. Ni kuwa ta ce wa gilashin motar, "A gaida gida."

Kwana bakwai suka zama wata biyu. Na sa aka fasa simintin, aka buɗe tagar, aka yi yaɓe. Sannan na hau babur na tafi ɗauko ta.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar wake, ta yi ƙiba, muryarta tas. Na zauna a bakin tabarma ina kasa kunne. Allah Ya yafe mini, tari nake jira. Ina so ta yi ko sau ɗaya, in ce ga shi nan, ba ɗakina ba ne, tsufa ne. Aka kawo fura, ta ƙware, ta yi tari biyu, wallahi sai da na ji daɗi ya ratsa ni. Autan ya bubbuga mata baya, tarin ya wuce.

Na ce, "Inna, an gyara ɗakin."

Ta dubi autan ta ce, "Ka tambaye shi, ya bushe?"

Ina zaune a gabanta fa. Na so in ce ya bushe ƙayau. Amma da safen nan na taɓa kusurwar, da sauran sanyi. Ba ta jira amsa ba, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin kayanta a ka. Nan na gane za ta bi ni, ta koma tana danne tari, don kada ta kunyata ni a gaban ƙanena.

Na ce, "Ki zauna tukuna, Inna. Sai bayan damina."

"To," ta ce.

Kafin in rufe baki ta sauke ƙullin, ta kwance shi, ta miƙa wa autan butarta ya mayar ciki. Ni na ce ta zauna, kuma da za a sake haka zan ce. Amma saurin da hannunta ya yi a kan ƙullin nan, har yau ban yafe wa ƙanena shi ba.