Halliru Mai Shayar da Ƙarfe

Daren da muka fara jin kukan, mun ɗauka mujiya ce ta yi mura. Da gari ya waye sai ga farfela a kan dogon ƙarfe bayan asibitin garinmu, a ƙasar Gwiwa. Malam Halliru ne ya kafa ta, bayan yaƙin basasa. Iska ta juya farfela, farfela ta cika batir, batir ya kunna fitilar ɗakin haihuwa. Har yau ina mamaki: iskar da ke tuɓe mana hula ita ke haska wa ungozoma.

Kullum bayan asuba yana can da bokiti, yana zuba ruwa a gindin wani jan ƙarfe da ya binne cikin gishiri da gawayi. Yakan ce aradu baƙuwa ce mai fushi. In ba a nuna mata hanyar ƙasa ba, sai ta bi waya ta shiga ɗaki. Busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓarta.

Inno Saude mai tallar nono ta ɗauka gatarin aradu yake kiwo, sai ta riƙa tsiyaya nono a wurin, yadda ake yi inda aradu ta faɗi. Kiyashi suka cika gindin.

Malam Halliru ya ce, "Inna, ƙarfen nan ba ya shan nono."

"Rufe mini baki, ɗan nan. Kai da me aka raine ka?"

Wata damina aradu ta faɗo wa farfelar, Ma'u matar Daudu direba tana kan gwiwa. Ungozoma Tasalla ta shaida mana cewa bango ya girgiza, fitila ta lumshe, ta buɗe. Aka haifi yarinyar cikin haske. Inno ta ce nononta ne ya yi aiki.

Malam Halliru, kai ne da aka jawo layin wuta zamanin kuɗin man fetur ka haɗa makunnin da ke hana wutar layi da ta batir karo. Kai ne mai aikin da ba a gani sai ranar da aka fasa shi. Allah ya saka maka. Matasa, ga bokiti nan.

Jiya Malam Halliru ya ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi hawa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Muna zaune ƙofar gidansa maƙwabcinsa Mamuda ya ce, "To Malam, gobe wa zai ba ƙarfen ruwa?"