Golan da Na Kushe da Bakina

A kicin ɗin wata kwaleji a Manchester nake aiki, kuma tagar da nake wanke tukwane a gabanta filin ƙwallo take kallo. Ta nan ciwon ƙwallo ya kama ni. Da farko leƙe nake yi, daga baya na koma tuɓe rigar aiki duk ranar Laraba da rana in je bakin fili in tsaya da sauran magoya baya. Ba mu da yawa: masu gadi biyu, wani tsohon direban bas da jikansa ya taɓa buga wa kwalejin, 'yan iyayen yara, sai ni da filas ɗin shayina. Ƙungiyarmu ba ta cin kowa. Har gida ake zuwa a lallasa mu, mu tafa wa yaran, mu koma bakin aiki.

Da tsohon kocin ya yi ritaya sai aka kawo sababbi biyu, wani dogo mai sanƙo da mataimakiyarsa, wata mace da ba ta rabuwa da ɗan littafin rubutu. Kafin ma su hura usur ko sau ɗaya mun gama ɗauko kofi a baki. Muna da zaure a waya, nan kowa ya zama gwani. Tsohon direban ya ce daga Landan za su kwaso yara. Ɗaya mai gadin ya ce ya ji daga majiya mai tushe cewa akwai ɗan gaba da wani babban kulob ya sallama, mu za a kawo wa, kuma majiyar tasa ba kowa ba ce illa ɗaya mai gadin. Abu guda dai kowa ya yarda da shi: in ba a samo mai tsaron raga ba, ko wa aka ɗauko aikin banza ne. Ni ban ce uffan ba a zauren, don ina da gola a gida.

Ɗana na fari kenan, a lokacin yana shekarar ƙarshe a sakandare. A jikin bangon gareji da ke bayan benenmu a Hulme ya koyi kama ƙwallo, tun gwiwoyinsa ba sa rabuwa da ƙurji. Ya iya, na san ya iya. In makarantarsu tana wasa nakan tsaya a tashar bas da ke tsallaken titi kamar mai jiran mota, bas uku su wuce ban hau ba. Bai sani ba, ban kuma taɓa ce masa sannu da ƙoƙari ba. Ko sunansa ba na kamawa. "Kai" nake ce masa, in da mutane kuwa "yaron nan".

Haka aka yi mini, don ni ma 'yar fari ce. Har mahaifiyarmu ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. In baƙi suka ce yarinyar nan akwai hankali, sai ta taɓe baki ta ce don ba su zauna da ni ba ne. Nan take gwaggona za ta hau ta da faɗa, ta ce ƙarya take yi, duk unguwar babu kamata. Ban taɓa jin haushi ba. Kowa a tsakar gidan ya san uwa kushewa take yi don kunya, kuma akwai wanda aikinsa ne ya ƙaryata ta.

Ƙanwata ita ce autarmu, ita ba ta san wannan zaman ba. A cinya ta girma ana yi mata kirari. Tana aure a Small Heath can Birmingham, kuma ɗanta na uku sa'an nawa ne, watanni ne tsakaninsu. Shi ma gola ne, don a hutu tare suke, wannan ya buga wancan ya kama, su sauya. In ya tare ƙwallo ɗaya sai dangi har na Kano sun ga bidiyon kafin la'asar. Nakan kalla in ce Allah ya ƙara basira, in kife wayar.

Wata ranar Litinin mai sanƙon ya zo karɓar shayi, ya jingina da kanta ya ce masu gadi sun gaya masa ina da yaro mai tsaron raga, yana kuma neman gola ɗaya cikin sababbin ɗaliban da za su shigo. Ya tambaye ni ya yaron yake. Murna ta kama ni, amma bakina ya riga ni. Cikin Turancin da na iya sarai na ce masa yaron nan ci kawai ya sani, sai an tashe shi sau uku da safe, atisaye ma sai ya ga dama. Na ce in gola yake so na gaske, akwai ɗan ƙanwata a Birmingham, shi ne yaro. Ina faɗa ina murmushi, ina jiran ya yi dariya ya ce haba, ai ya ji labari. Bai yi dariya ba. Ya juya ya kalli mataimakiyar, ita kuwa ta buɗe ɗan littafinta ta nemi lambar ƙanwata.

Na ba ta. Ko a jikina ban ji ba, a ganina na yi abin da 'yar mutunci take yi. Na yabi ɗan ƙanwata kamar yadda ya wajaba a kaina, ita ma in aka tambaye ta za ta yabi nawa, sai kowa ya tashi da nasa.

Aka gayyace su gwaji su biyun tare da wasu yaran. Ƙanwata ta iso da sassafe da kular dambun nama da mayafi mai walƙiya kamar za ta biki. Na ga wasan da idona, kuma ba son kai ba ne: nawa ya fi a ƙwallon sama, nata ya fi iya ba da ƙwallo da ƙafa, kusan kunnen doki suka yi. Da aka tashi mai littafin ta zo wurinmu ta tambayi ƙanwata halin ɗanta. Kamar jira take. Ta ce shi ke tashin gidan da asuba, ya yi gudu ya zagaye unguwa kafin makaranta, ko lemon kwalba ba ya sha, bai taɓa fashin atisaye ba ko da zazzaɓi. Rabin maganar ma ƙari ne, na san yaron da son barci. Sannan matar ta nuna ɗana da biro ta ce wannan fa. Na sunkuyar da kai ina jiran ƙanwata ta yi aikinta. Sai na ji ta ce ai ga mahaifiyarsa nan, ita ta fi kowa saninsa.

A hanyar raka ta tashar jirgin ƙasa na kasa daurewa. Na ce me ya hana ta buɗe baki.

Ta ce, "Yaya, nan fa ba tsakar gidanmu ba ne. Mutanen nan abin da kika faɗa shi suke rubutawa. Ke kika ce yaro lazy ne, ni in ce me? In ce yayata maƙaryaciya ce a gaban baƙi?"

Na ce ai abin da gwaggo take yi kenan. Ta ce Allah ya ji ƙan gwaggo, ta shige jirgi da kularta.

Ɗanta aka ɗauka. Mai sanƙon har kicin ya biyo ni ya yi mini godiya. Ya ce yaran biyu sun yi kusa ƙwarai, sun rasa yadda za su raba, sai suka koma ga hali. Ya ce a aikinsa kullum iyaye ke cika masa kunne da yabon 'ya'yansu, bai taɓa haɗuwa da uwa mai faɗin gaskiya irina ba. Ina riƙe da ludayi a hannu, kuma Allah ne kaɗai ya kiyaye sanƙon nan. Nawa ya tafi wata kwalejin da ba ta da ƙungiya, ya koma kama wa wasu 'yan unguwa ranar Lahadi a filin shaƙatawa.

Birmingham ta yi nisa da zuwa kullum, don haka ɗan ƙanwata gidana ya tare. Wa zai ce a'a? Ɗanki ne, Yaya, in ji uwarsa, ta haɗo shi da jaka biyu da jerin abin da ba ya ci. Aka saka masa katifa a ɗakin ɗana. Ni ke wanke rigarsa ta gola mai tambarin kwalejina, in shanya ta a jikin hita, in wuce ta sau goma a yini ina kallonta. Yaron ba shi da laifi, ga ladabi, Mama yake ce mini, yana kwashe kwanuka ba a sa shi ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni. Kishi na yi, ba zan sa masa wani suna ba. In ina raba nama sai hannuna ya kai babbar tsoka kwanon ɗana. A bakin fili, in ƙwallo ta taso sama ta nufo shi, akwai wani abu a cikina da ke cewa Allah sa ta suɓuce, in yi istigfari, wata ta taso in sake.

Magoya baya kuwa sun ɗauke ni sun ɗora a ka. Ɗan gaban babban kulob bai zo ba, 'yan Landan ma shiru, duk burin da muka ci ya tattaru a kan golan nan, kuma ƙungiya ta fara yin canjaras har da cin wasa jefi-jefi. Tsohon direban ya rubuta a zaure cewa ni ce mai ido, a ba ni ofis kusa da na kocin. Kowa na ce mini ɗanki ya fitar da mu kunya. Ina cewa na gode.

Ranar wata Asabar da hantsi ina kicin ɗin gida ina yanka albasa, ɗana ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Ashe ɗan'uwansa ne ya gaya masa, da zuciya ɗaya, wai koci ya ce Mama ce ta kawo shi, har da abin da ta faɗa a kan ɗanta. Da Turancinsu na 'yan Manchester ya tambaye ni ko da gaske na ce shi malalaci ne. Na ce na faɗa. Na shiga yi masa bayani, kunya, ɗan fari, mahaifiyarmu, gwaggo. Na ce a wurinmu uwa ba ta yabon ɗanta na fari, wasu ne ke yi mata. Ya saurara har na gama, sannan ya juya harshe zuwa 'yar Hausarsa da ba ta miƙe ba, wadda ba ya yi sai magana ta kai magana.

"To Mama, wa zai yi? Su duk suna Birmingham. Ke ce a nan."

Na ci gaba da yanka. Ya ɗauki safar hannunsa ya fita, ni kuma na ɗora wa albasa laifi.

Bayan 'yan makonni ƙungiyarmu ta je wasa Birmingham, na bi motar magoya baya. Ƙanwata ta kwaso rabin Small Heath, mata da yara da tabarmi. Ana dab da tashi aka ba abokan karawarmu bugun fanareti, ɗanta ya yi tsalle ya ture ƙwallon waje. Ta saki guɗa a tsakiyar Turawa, tana kiran sunansa da na ubansa da na kakansa, ko ta kan kowa ba ta bi ba. Yaron ya juyo daga cikin raga, bai ko nema ba, kai tsaye ya ɗaga mata hannu. A nan na gane ba rigar nake wa kishi ba kaɗai. Bakin ƙanwata nake wa kishi, tun muna yara.

Da Lahadi ta zagayo na tafi filin shaƙatawa inda ɗana ke wasa. Ana yayyafi, babu 'yan kallo sai wani mutum da karensa da wasu mata biyu cikin lema. Wannan karon ban tsaya a tashar bas ba, na tako har bakin layi. Tsawon rabin wasa ina juya sunan a bakina, sunan da ni da ubansa muka zaɓa, na rubuta shi a takardun makaranta da na asibiti ba adadi, amma ya ƙi fita. Can aka ɗago wata ƙwallo daga kusurwa, ya tashi sama ya fi kowa, ya cafke ta da hannu biyu ya rungume. Na rufe ido na kira shi da ƙarfi.

Ya waiwayo da ƙwallon a ƙirji yana neman mai kiran. Ya dubi mai karen, ya dubi matan da ke cikin lema. Sau biyu idonsa yana wucewa ta kaina. Alƙalin wasa ya yi masa alama ya yi sauri, sai ya ɗaga kafaɗa ya buga ƙwallon gaba. Bai san sunansa a cikin muryata ba.