Ƙwai Biyar a Kwanon Rairayi

Shekara uku na yi ina kiwon ƙadangarun rairayi a Yamai, ina ganin ba wanda ya sani. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ina zaune a gidan haya a Gamkalle, ɗaki ɗaya da ɗan lungu a bayansa. Daga ƙauyenmu na arewacin Tawa na zo da su bayan wani hutu, mace da namiji. Ba irin jangwadan da ke gyaɗa kai a kan katanga ba ne. Ƙanana ne, sirara, kalar ƙasa, da sun ji motsi sai su nutse cikin rairayi. Na yanke tano, wato ganga, gida biyu, na zuba musu rairayin gida da na yi dako a buhu, na rufe da ragar waya. Gara da ƴan fari nake ba su.

Ɓoyewa na yi don na san bakin mutane. Namiji baligi, mai koyar da ƴaƴan jama'a, a ce yana kiwon ƙadangare? Ko a ce taɓin hankali, ko a ce tsibbu. Ni kuma mutum ne mai tsoron magana, gaskiya ke nan. Ko tari aka yi kusa da lungun nan sai gabana ya faɗi.

A shekara ta uku, farkon damina, macen ta yi ciki. Na ga tana tono, ta ɓace yini guda, ta fito a rame. Na tona a hankali da cokali, na iske ƙwai biyar farare masu taushi, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ƙwan ƙadangare ba na kaza ba ne: in ya kwana biyu a kwance ba a juya shi, don abin da ke ciki ya riga ya manne ta sama, in aka kifa shi sai ya mutu. Saboda haka na ɗiga wa kowanne alamar tawada a samansa, na mayar da su cikin wani kwanon sha da rairayi mai ɗan danshi, don kada namijin ya tone su. Na ajiye kwanon a inuwar taga.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Ina gaban allo ina bayani, zuciyata tana wajen kwanon. Hadari ya haɗo, in ce ruwa zai cika shi. Rana ta buɗe, in ce za su dahu. Na yi zargin kaji, na yi zargin tururuwa, har kyanwar maƙwabta sai da na jefa da takalmi ba ta yi mini komai ba.

Wadda ban taɓa kawowa a raina ba ita ce Inna. Dattijuwa ce Bazabarma, ɗakinta na kallon nawa, tana soya gyaɗa da rairayi tana kaiwa kasuwar Piti Marshe. Mushe take ce mini, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a nan. Wata safiya ta tsaya ta murza rairayin kwanon da yatsa.

“Mushe, wannan rairayi naka akwai laushi. Na bakin gulbi duk tsakuwa ne, yana ƙona mini gyaɗa. Mi kake yi da shi?”

“Na darasi ne, Inna,” na ce, ina murmushin dole.

“In ka gama ka ba ni.”

“To, Inna, naki ne.”

Na faɗi haka ne don ta wuce. Kalma ɗaya ta isa in ce mata akwai abu a ciki, amma kunya ta riƙe mini baki. Na yi niyyar shigar da kwanon ɗaki, sai na tuna ɗakin mai rufin kwano ne, da rana kamar tanda yake. Na bar shi inda yake.

Ran Alhamis na dawo bayan azahar. Tun daga ƙofar gida ƙamshin gyaɗa ya tare ni. Na dubi inuwar taga, ba kwano. Ga Inna zaune gaban kasko tana juya gyaɗa cikin jan rairayin ƙauyenmu.

“Inna, kwanon da ke nan...”

“Kwantar da hankalinka, Mushe. Ai ba na soya ba sai na tankaɗe. Ga ƴaƴanka nan.”

Ta miƙo mini kofi. Ƙwai biyar ne a kan auduga, ba wanda ya fashe, fes da su. Ta ce ta ga sun yi baƙin datti a jiki, sai ta goge su ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma. Na juya kofin ta kowane ɓangare. Alamar tawada ko ɗaya babu.

“Kin san ko na mene ne?” na tambaye ta.

Ta yi dariya har da tafa hannu. “Na abubuwan cikin tano mana! Tun bara waccan na sani, gidan nan duka an sani. Wa kake tsammani yake jefa musu gara in ka tahi hutu? Mun ga kana jin kunya ne, muka ƙyale ka.”

Na zauna a kan turmi na gaya mata maganar juyawa, abin da ya kamata in faɗa tun ranar da ta murza rairayin. Ta ajiye ludayin. Gyaɗar ta fara ƙauri, ba ta kula ba.

“Don Allah mi ya hana ka gaya mini?”

Na ɗauki kofin da kwanon, na je na ɗebo wani rairayin daga tano.

Na sake binne su da ka, ina roƙon Allah ya sa na dace da saman ko ɗaya. Kullum da safe Inna takan leƙo kafin ta ɗauki tirenta, ta ce, “Yaya?” in ce, “Shiru.” A mako na biyu ɗaya ya lotsa. Biyu suka yi funfuna. Na huɗu tururuwa suka nuna mini ya lalace. Na biyar ya ja mu har wata biyu, muna duba shi tare, ni da ita, kai da kai a bakin kwano, kafin ya bushe ya koma ɓawo. Na ji zafinsa sosai, kuma ba Inna nake jin haushi ba.

Kwana uku bayan haka na iske ƙullin leda a bakin ƙofata. Rairayin ne, ta wanke shi, ta shanya, ta tankaɗe. Tana tsaye da tire a ka, ba ta dube ni ba.

“In ta sake yin ƙwai baɗi,” ta ce, “ka kira ni ka nuna mini ina ne sama.”